Ɗigon Shuɗi a Tsakiyar Tafki

Ƙanwata Renske farfesa ce, amma in ka kira ta da wannan suna a ƙauyenmu sai ka ga ta sunkuyar da kai tana neman hanyar wucewa. Baƙo zai ce tawali'u ne. Kunya ce, kuma na san inda ta samo ta, don a gabana aka yi komai. Ni ce Aukje, yayarta, wadda ta zauna a yankinmu na Friesland tana fama da shanu. Ita ce ta tafi birni ta yi suna wajen kare mutuncin tsofaffin mata, sannan ta dawo ta taɓa mutuncin tsohuwa ɗaya tak da ta yarda da ita fiye da kowa, wato Mem, mahaifiyarmu.

Tun tana ƙarama bakin Renske ba ya mutuwa. Ana cin abinci za ta ajiye cokali ta tambayi Heit, mahaifinmu, dalilin da ya sa mata ke dafa kofi a coci maza kuma su shige ɗaki su yanke shawara. Heit ya dubi Mem ya ce, “Jeltje, wannan fa 'yarki ce, ni ban san inda aka samo ta ba.” Mem ta juya wajen tukunya tana danne dariya. Ni haushi nake ji, don ni ke wanke bokitan madara ita tana can tana gardama, amma ko a lokacin na san kan yarinyar yana ja.

Da ta shiga jami'a sai ta faɗa cikin masu fafutukar 'yancin mata, ta aske gashinta, ta dawo hutu tana gyara wa kowa magana. Sa'o'inta suna rubutu a kan 'yan mata da ma'aikatan ofis, ita kuwa ta ce tsofaffi take so, waɗanda ko 'yan fafutukar ba sa waiwayarsu. Da wayar hannu ta zama ruwan dare, sai ta lura da irin wadda ake ƙera wa tsofaffi: maɓalli uku, ɗaya na 'ya, ɗaya na likita, ɗaya na motar asibiti. Ta zo gida tana huci. “Aukje, dubi wannan wulaƙanci! Wato tsohuwa ba ta da ƙawa, ba ta da wanda take so ta zaga, ba ta da abin yi sai jiran faɗuwa?”

A kan wannan ta gina rayuwarta. Shekara da shekaru tana zaune a kicin ɗin tsofaffin mata, makafi da masu keken guragu da masu rawar hannu, tana shan kofinsu tana tambayarsu abin da suke yi da waya in ba wanda ke kallo. Ta sha wahala, ba zan ɓoye ba. Aikin wucin gadi a wannan jami'a, a sallame ta, ta koma waccan, ga ɗakin haya da bai fi rumbun abincin maraƙanmu ba. Akwai wani mutum da suka zauna tare, ya gaji da jira ya kama gabansa. Ita ko gezau. Sannu a hankali aka fara kiranta taro, aka fara jin ta a rediyo, har ran nan muka gan ta a talabijin. Nan ta faɗi maganar da aka san ta da ita: duk wanda ya sa wa tsohuwa abin bibiya a waya ba da saninta ba, kwanciyar hankalinsa yake saya da 'yancinta. Mem ta kashe talabijin ta ce, “Ba laifi.” A bakin Mem babu yabon da ya wuce wannan.

Bayan rasuwar Heit, ni da mijina muka karɓi gona, Mem ta koma wani ƙaramin gida kusa da coci. Can idanunta suka fara mutuwa. Tsakiyar ganin ne ya tafi, gefe-gefe kaɗai ya rage, don haka in tana son ganin fuskarka sai ta kalli kunnenka. Karatu ya gagare ta, ita da ba ta wuce jarida ko rana ɗaya. Amma keke ta ce ba mai raba ta da shi. Sai da sanyin wata shekara ƙanƙara ta kwashe ta a bayan makabarta, ta karya hannu, ta jima a kwance kafin mai rabon wasiƙu ya tsince ta.

A asibiti ni na fara kawo zancen gidan kula da tsofaffi, kuma har yau ina ganin ban faɗi abin banza ba. Mem ta kafe. Ta ce gidanta za ta koma, ta fita sa'ad da ta ga dama, ta dawo sa'ad da ta ga dama, ba mai tambayarta. Renske ta tsaya mata tsayin daka, ta wanke ni tas a gaban likita. Ita ta sayo keke mai ƙafa uku, ita ta sayo waya mai faɗin fuska wadda ke karanta saƙo da murya, ta zauna a teburin kicin tana koya wa Mem. Ina wurin Mem ta juya wayar a hannunta mai lafiya ta ce, “Wannan abin ba ya kai gulmata ko?”

Renske ta yi dariya. A wajenmu ba a ce wa uwa “ke”, sai dai a ambace ta. Ta ce, “Haba, Mem ta san ni. Duk duniya ni ce zan yi wa Mem haka?”

Daga baya ta gaya mini cewa a zaman nan ta yi shi. Ni na fita duba mota, Mem ta tashi yanko burodin sukari, ita kuma ta danna abin da ke nuna mata inda wayar Mem take a taswira. Ta ce hoton Mem kwance a kan ƙanƙara ne ya ƙi barin idonta. Ta yi wa kanta alkawarin ba za ta duba ba sai ranar da hanya ta daskare. Ina! Kafin wani lokaci da kallon taswirar take karya kumallo, a taro ma tana leƙawa a ƙarƙashin tebur. Ɗigon shuɗi a gida, ɗigon shuɗi a kanti, ɗigon shuɗi a coci. Duk tsawon lokacin sanyin nan Mem ba ta yi nisa ba, sai ƙanwata ta saba, har ta daina jin nauyin abin.

Wata Alhamis ce a watan Mayu, ranar farko da rana ta yi ɗumi sosai. Ina cikin garke wayata ta yi ƙara. Muryar Renske na ji, amma ban taɓa jin ta haka ba.

“Aukje, Mem tana cikin ruwa!”

“Wane ruwa? Ke, nutsu ki yi magana.”

“Tafki! Tana tsakiyar tafki, ba ta motsi, na kira na kira ba ta ɗauka. Na riga na kira 'yan agaji. Ki tafi, don Allah ki tafi!”

Ban tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Wa ke tambaya a irin wannan lokaci? Tsohuwa mai rabin gani, ga keke, ga hanyar da ta bi gaɓar ruwa. Da takalman garke na faɗa mota.

'Yan kwana-kwanan ƙauyenmu ba baƙi ba ne, 'yan sa kai ne. Mai gidan burodi ne, da makanike, da malamin firamare, da Harmen mai aikin famfo. In ƙararrawar aljihunsu ta yi kuka, kowa ya yar da abin da ke hannunsa, kuma kafin su sa hula duk ƙauye ya ji. Ko da na isa inda ake ɗaure jirage, wurin ya cika. Matan coci, 'yan makaranta a kan kekuna, har mai aski da almakashi a hannu. Keken Mem mai ƙafa uku yana gefe, an kulle shi tsaf. Wata ta rungume ni tana kuka. Jirgin 'yan kwana-kwana ya riga ya tashi, Renske tana kan waya tana gaya musu inda za su nufa, an ce masu nutso ma suna hanya daga birni. Na tsaya ina addu'a.

Can sai ga jirgin yana dawowa a hankali, ba gudu ba jiniya. A bayansa wani ƙaramin kwalekwale mai inji, kore, wanda kowa a wurin ya san mai shi. Sybren ne, tsohon mai gyaran agogo, mahaifin Harmen. Shi ke riƙe da inji, fuskarsa ta yi fari fat. Mem tana zaune a gabansa, gashinta a kwance ba ta ɗaure ba, takalmanta a cinya.

Jama'a suka shiga kallon juna. Matar Sybren, Akke, tana da rai. Ta yi shekaru a gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya cinye ta har ba ta san shi ba, amma tana da rai, kuma kowace Lahadi ana sa ta a addu'a a coci. Makanike ne ya ba da labarin abin da suka tarar, kuma bai bari ya huce ba. Wai sun kutsa cikin dogayen ciyayin ruwa suna ƙwala kiran sunan Mem, sai suka ga kwalekwalen a ɗaure. Sybren yana karanta mata jarida da ƙarfi, ita ta ɗora kai a kafaɗarsa, ƙafafunta a cikin hasken rana, ga butar kofi a tsakaninsu. Shi ke nan abin da aka gani. Harmen ne a gaban jirgin, riƙe da sandar da ake lalubo gawa.

Ashe sun yi bazara biyu suna haka, kowace Alhamis in yanayi ya yi kyau, ba wanda ya sani. A ƙauyen da ko labule ba ma ja, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wayyo, fitowar nan! Mem ba ta ganin fuskoki, amma tana jin yawan numfashin da ke wurin. Sybren ya miƙa hannu zai taimaka mata ta hau, Harmen ya ce masa, “Heit ya bari, ni zan yi,” don a wajenmu haka kowa ke kiran mahaifinsa. Ya ɗago ta kamar buhu ya dire, bai dube ta ba. Ta tsaya ba takalmi a kan katako, mace mai shekara tamanin da ɗoriya, tana laluben inda kekenta yake. Wani yaro ya yi dariya, uwarsa ta make shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya ta hana ni ko kiran sunanta, sai kawai na kama hannunta na ja ta zuwa mota, tana ce mini, “Kekena fa, Aukje,” ina cewa a bar shi.

Renske ta iso da la'asar, ta yi tuƙi tun daga birni, idanunta sun kumbura. Ta faɗo kicin za ta rungume Mem. Mem ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

“Zauna. Aukje ta ce ke kika kira su.”

“Na ɗauka Mem ta faɗa ruwa.”

“Na ji. Wa ya gaya miki ina kan ruwa?”

Ƙanwata da ta yi gardama da ministoci a gaban kyamara ta yi tsuru-tsuru. Ta dube ni, na kau da kai, don a lokacin ni ma tambayar ta faɗo mini. Wayar tana kan tebur a tsakaninsu.

“Wayar ce,” ta ce da ƙyar. “Na sa mata wani abu.”

“Yaushe?”

“Ranar da na kawo ta.”

Mem ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, “Ranar da na tambaye ki.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta lalubi wayar, ta buɗe aljihun tebur inda take ajiye tsofaffin batura da igiyoyi, ta saka ta ta rufe. Ta ce ta gaji, mu ja mata ƙofa in za mu fita.

A waje na sauke wa Renske duk abin da ke cikina. Na ce, “Ke ce kika tsaya gaban likita kika mai da ni muguwa! Ni ai a fili na faɗi nawa. Ke kuwa, malamar duniya, sai ki bi ta bayan gida?” Ba ta rama ba, karo na farko a rayuwarta. Ta jingina da mota tana cewa, “Na sani, Aukje. Ba wanda ya fi ni sani. Littafi guda na rubuta a kai.” Sai kuma tausayinta ya kama ni, abin ya ƙara ba ni haushi.

Ba wanda ya zagi Mem. Mu ba ma haka. Gaisuwa ce kawai ta gajarce, a kanti kuma zance ya riƙa mutuwa in ta shigo. Harmen da ƙanwarsa suka zaunar da mahaifinsu, ban san abin da suka ce masa ba, amma kafin ƙarshen wata an sayar da kwalekwalen. In Sybren ya hango Mem a hanya sai ya taɓa hularsa daga tsallaken titi, ita kuwa daga wannan nisa ba ta ganinsa. Ta daina zuwa shan kofin matan coci. Keken da na ɗauko mata ya zauna a rumfa har tayoyinsa suka sace.

A cikin wannan hali ne aka ba Renske kujerar farfesa, abin da ta yi rabin rayuwarta tana nema. Sabon farfesa yakan yi lacca a gaban jama'a, cikin baƙar alkyabba da hula, iyalinsa a layin gaba. Ta zo gida da wata dabara, irin wadda sai ɗan boko zai yi tunaninta. Wai za ta buɗe laccar da labarin abin da ta yi, ta tona kanta a gaban abokan aikinta, don a ga yadda tsoro ke kayar da wanda ma ya fi kowa sani. Ta ce ba za ta ambaci suna ba. Izini ta zo nema.

Mem ta ce, “Uwa nawa gare ki da ba za a gane ba?”

“Mem, ina so in biya abin da na yi ne.”

“Da labarina za ki biya? Ƙauye ya gani, saura birni ya ji, a tafa miki a ce kin yi gaskiya. A'a. Nawa ne, ba na bayarwa.”

“To in fasa laccar.”

“Kada ki soma. Ki je ki faɗi abin da kika saba faɗa, don gaskiya ne, akwai tsofaffin da zai yi wa amfani. Zan zo in zauna a gaba in saurara.”

Haka aka yi. Muka hau jirgin ƙasa, Mem cikin rigarta ta zuwa coci. Ɗakin ya cika da manya, Renske ta hau mumbari, alkyabbar ta yi mata kyau ƙwarai. Ta yi magana a kan matan da ta zauna da su, da abin da suka koya mata. Da ta iso kan maganar bibiya sai ta dakata. Ta kurɓi ruwa, ta dubi layin gaba, Mem ta karkato da kunne tana jira. Ta faɗe ta har ƙarshe, kalma bayan kalma, jini ya taru a fuskarta har wuya. Aka yi ta tafi. Wata mata a bayana ta ce wa ta kusa da ita, dubi yadda abin ke taɓa zuciyarta. Ni dai takalmana nake kallo.

Wajen walima mutane suka yi layi suna taya Renske murna. Wata ɗalibarta ta riƙe hannun Mem ta ce, “Kin yi sa'ar 'ya. Ina ma kakata ta samu irinta.” Mem ta ce, “Tana da ƙoƙari,” ta nemi a nuna mata inda kofi yake.

Renske tana nan tana aikinta, ɗalibai suna son ta, an ce ma ta fi da sauƙin kai ga 'ya'yan da ke zuwa suna ce mata tsoro ne ya sa su bibiyar iyayensu. Talabijin kam ta daina zuwa. Ta roƙi jami'a ta bar mata Alhamis, kuma kowane mako sai ta yi tuƙin nan mai tsawo ta zo ta karanta wa Mem jarida. Mem ba ta hana ta. Tana zama a kujerar bakin taga, hannuwa a cinya, in an gama ta ce, “Na gode,” yadda take ce wa mai kawo magani.

Kwanan baya ina wurin, na kai musu madara. Sanyi ya fara shigowa, aka ce hanya za ta daskare. Renske ta naɗe jaridar, ta yi ta juya ta a hannu, sannan ta yi ƙarfin hali.

“Mem, in ɗauko wayar? Na cire abin tuntuni, Aukje za ta iya dubawa. Ko don Mem ta kira wani in za ta fita.”

Mem ta juyo, ta kalli gefen fuskarta yadda take yi in tana son ganin mutum sosai.

“Ɗauko in kina so, ki mayar da abin ma. Ki duba safe da yamma. Ina nan, Renske. Yanzu kullum ina nan.”